Kumburin Ya Sace, Amma da Sauran Rina a Kaba

Kuskuren da ya fi tsada ga wanda jini ya daskare wa a jijiyar ƙafa ba a gadon asibiti ake yinsa ba. A gida ake yinsa, mako uku ko huɗu bayan sallama, ranar da aka duba sharaɓa aka ga ta sace, takalmi ya koma yana shiga, mutum ya yi sujada ya miƙe bai cije leɓe ba. Ranar ce 'yan dubiya ke cewa ai jiki ya yi kyau, sai godiyar Allah. Ranar ce kuma mai ciwon ke duban ragowar ƙwayoyin, ya tuna abin da ya biya a kansu, ya ce a ransa ya isa haka. To bai isa ba. Kumburi ne ya tafi, gudan jinin yana nan kwance inda yake.

Jinin da zuciya ta tura ƙafa dole ya komo sama, kuma hanyarsa wasu manyan jijiyoyi ne da ke can cikin tsokar sharaɓa da cinya, ba waɗannan korayen da ake gani a ƙarƙashin fata ba. Takawar da mutum ke yi ita ke matse tsoka ta tunkuɗa jinin, wasu 'yan ƙofofi da ke cikin jijiyar kuma su hana shi zamewa baya. Daga aikin likitan nan na Jamus, Rudolf Virchow, na ƙarni na 19, aka tsamo dalilai uku da ke sa jini ya daskare a nan: ko ya rage gudu, ko bangon jijiyar ya ji rauni, ko shi kansa jinin ya zama mai saurin daskarewa. Babu baƙo a cikinsu a gidajenmu. Mai ciki da mai jego, musamman wadda aka yi wa aiki aka ciro jariri. Wanda ya karye aka yi masa ɗori ya shafe makonni a kan tabarma. Tsohon da ɓarin jikinsa ya shanye. Mai ciwon daji, mai sikila, mai shan ƙwayar tazarar haihuwa irin mai sinadarin estirojin. Sai kuma wanda ya naɗe ƙafa a bas daga Kano har Legas, jaka a kan cinya, bai motsa ba sai wajen tsayawar salla.

Abin tsoron ba ƙafar ba ce. Gudan na iya ɓallewa, ko wani yankinsa, ya bi jini ya ratsa zuciya ya toshe jijiyar huhu. Numfashi ya ɗauke ba zato, ƙirji ya riƙa suka in an ja iska, zuciya ta hau bugu da sauri, wani ya yi tarin jini, wani ya yanke jiki ya faɗi. Wannan ba ciwon “bari gari ya waye” ba ne. Serena Williams, 'yar wasan tanis ta Amurka, ta taɓa samun toshewar huhu a 2011, saboda haka da numfashinta ya fara sarƙewa kwana ɗaya bayan haihuwarta a 2017, ita da kanta ta matsa a ɗauki hoton ƙirjinta, kuma aka ga gudajin. Sanin alamar ya yi mata rana. Saboda wannan haɗari ne kuma likitoci ke hana a tausa ƙafar da ta kumbura ita kaɗai ba tare da 'yar'uwarta ba. Mu kuwa da mun ga kumburi, man zafi da tausa ke fara zuwa mana a rai.

Abin da ya kamata kowane mai jinya da iyalinsa su riƙe shi ne, maganin da ake bayarwa ba ya narkar da gudan. Hana shi ƙaruwa yake yi, ya kuma hana wani sabo fitowa. Jiki yana da nasa sinadaran da ke cinye gudan a hankali cikin makonni da watanni. Maganin kamar tsayar da masu kawo tubali ne, a bar masu rusau su yi aikinsu. Shi ya sa mafi ƙarancin lokacin shansa wata uku ne. Wanda ya ajiye shi a makon huɗu ya sake buɗe wa masu tubali hanya a daidai lokacin da haɗarin dawowar ciwon ya fi yawa.

Sau da yawa da allurar hefarin ake farawa, wadda aka fi sani da Clexane. Tana zuwa a sirinjinta, an riga an ɗura. A fatar ciki ake yinta, a matsa nesa da cibiya kamar faɗin yatsu uku, a tsunkuro fata da yatsa biyu, a soka a miƙe, a tura har ƙarshe. Ɗan kumfan iskar da ke cikin sirinjin ba a fitar da shi, kuma in an zare ba a murza wurin, don murzawa ke ƙara tabon. Yau dama, gobe hagu. Cikin zai yi ɗige-ɗigen shuɗi da baƙi, wannan ba abin tayar da hankali ba ne. Mutane da yawa da suka rantse ba za su iya soka wa kansu allura ba, kafin mako ya zagayo sun iya.

Daga nan hanya ta rabu biyu. Akwai sababbin ƙwayoyi irin su rivaroxaban, wato Xarelto, da apixaban, wato Eliquis, waɗanda ba sa buƙatar gwajin jini a kai a kai. Amma suna da ƙa'idar farawa da ake yawan tuntuɓe da ita. Rivaroxaban miligiram 15 ne sau biyu a rana har kwana 21, sannan a koma 20 sau ɗaya, kuma dole da abinci, in ba haka ba jiki ba ya ɗaukarsa yadda ya kamata. Apixaban kuwa miligiram 10 ne sau biyu na kwana 7, sannan 5 sau biyu. Ba kowa suka dace da shi ba: mai ciwon ƙoda mai tsanani, da wanda aka sa wa ƙofar zuciya ta ƙarfe, da mai ciki, da mai shayarwa, duk likita zai nema musu wani. Matsalarsu babba a wurinmu tsada ce, kuma tsadar ke haifar da dabarar da ba ta fissheka: a raba ƙwaya biyu, ko a sha yau a tsallake gobe don kwalin ya daɗe. Ƙarfin waɗannan ƙwayoyi yana sauka cikin yini guda, don haka ranar da aka tsallake rana ce da mutum ba shi da kariya. In aljihu ya gaza, a faɗa wa likita gaskiya ya mayar da mutum kan warfarin. Asfirin kuma, duk da ana ce masa maganin sirantar da jini, ba ya maye gurbin ko ɗaya daga cikinsu.

Warfarin tsoho ne, mai araha, mai neman a lallaɓa shi. Wasu marasa lafiya sukan ji an ce ai maganin ɓera ne, su tsorata su ajiye. Maganar ba ƙarya ba ce, sai dai ba a ƙarasa ta ba. A shekarun 1920 shanu suka yi ta mutuwa da zubar jini a arewacin Amurka da Kanada bayan sun ci wata harawa da ta yi hunhuna. Karl Paul Link da abokan aikinsa na Jami'ar Wisconsin suka gano sinadarin da ke hana jinin shanun daskarewa, daga danginsa aka haɗa warfarin. An fara sayar da shi a matsayin gubar ɓera a 1948, aka amince da shi ga mutane a 1954, kuma a 1955 aka ba shugaban Amurka Eisenhower bayan ya yi bugun zuciya. Bambancin guba da magani a nan awo ne, awon kuwa shi ne gwajin INR.

INR na nuna tsawon lokacin da jini ke ɗauka kafin ya daskare. Na mai lafiya wajen 1 yake. Wanda ke jinyar gudan jini ana so nasa ya zauna tsakanin 2 da 3. Ya yi ƙasa, gudan na iya ƙaruwa. Ya haura sosai, sai zubar jini. Warfarin yakan ɗauki kwanaki kafin ya kama, shi ya sa ake haɗa shi da allura aƙalla kwana biyar, ba a sakin allurar sai gwaji ya nuna an kai. Da farko ana gwajin bayan 'yan kwanaki, sannan mako-mako, in ya daidaita a koma wata-wata ko fiye. Ga wanda ke ƙauye wannan ba ƙaramin nauyi ba ne, kuɗin mota kaɗai na iya fin kuɗin maganin, ga shi ba kowane ɗakin gwaji ke yinsa ba sai manyan asibitoci da wasu masu zaman kansu. Duk da haka, shan warfarin ba gwaji tuƙi ne da ido rufe. A samu ɗan littafi, a riƙa rubuta kwanan wata da sakamako da yawan abin da aka ce a sha.

Wani ƙaramin abu da ya kamata a sani: kada a gane ƙwayar da launinta. A tsarin Ingila mai ruwan hoda miligiram 5 ce, mai ruwan ƙasa 1, shuɗiya 3. A tsarin Amurka mai ruwan hoda miligiram 1 ce. Kasuwarmu kuwa daga ko'ina kaya ke shigo mata. Wanda ya saba cewa “ba ni jar nan” zai iya shan ninki biyar na abin da aka rubuta masa. A karanta lambar da ke jikin kwali, a saya a kantin magani mai rajista.

Sai maganar miya. Warfarin yana aiki ne ta hanyar dakushe bitamin K, wanda hanta ke amfani da shi wajen haɗa sinadaran daskarar da jini, koren ganye kuwa shi ne gidan bitamin K: zogale, alayyafo, rama, kabeji, latas da ire-irensu. Sai ka ji an ce wa mara lafiya ya daina cin ganye kwata-kwata. A ganina wannan shawara ce ta wanda bai san tukunyar talaka ba, kuma ba ma haka ilimin ya ce ba. Abin da ake so daidaito ne. Wanda ya saba da kwaɗon zogale sau biyu a mako ya ci gaba da abinsa, za a daidaita masa maganin a kan haka. Abin da ke ɓata lissafi shi ne sauyi na farat ɗaya: damina ta faɗi, ganye ya yi arha, a koma cinsa safe da dare, ko wani ya ba da shawarar garin zogale cokali biyu kullum don ƙarin jini. Haka zazzaɓi da gudawa da rashin cin abinci na kwanaki, su kuma sama suke tura INR, a je a gwada. Masu shan sababbin ƙwayoyin ba ruwansu da wannan lissafi na ganye.

Inda na fi jin tsoro shi ne kemis ɗin unguwa. Magidanci ya dawo daga kasuwa baya na ciwo, ya tsaya a bakin kanta ya ce, “Malam, haɗa min na ciwon jiki, na ɗari biyar.” A ɓallo ja da fari da rawaya a zuba a 'yar leda, ba kwali ba suna, a ce, “Alhaji, biyu yanzu, biyu da safe.” Babu wanda ya tambayi wani abin da yake sha. A irin wannan haɗi ne ake samun diklofenak da ibufurofen da Feldene, waɗanda ke cin bangon ciki su kuma ƙara hana jini tsayawa. Garin Alabukun ma asfirin ne da kafeyin. Ɗora su a kan maganin hana daskarewar jini shi ne gajeriyar hanyar aman jini. In ciwo ya dami mutum, farasitamol daidai ƙa'ida shi ne mai dama-dama. Flagyl da Septrin da sifurofuloksasin da fulukonazol suna ƙara wa warfarin ƙarfi ƙwarai, ga su kuwa ana shansu kamar gyaɗa da zarar ciki ya murɗa. Rifamfisin na masu tarin fuka akasin haka yake yi, yana karya ƙarfin warfarin da na sababbin ƙwayoyin gaba ɗaya. Haka wasu magungunan farfaɗiya, wasu na cuta mai karya garkuwar jiki kuma suna taɓa awon. Allurar ɗuwawu ma a guje ta, don jini na iya taruwa a cikin tsoka ya yi ƙullutu mai zafi. Jimla ɗaya ce ke raba mutum da duk wannan: “Ina shan maganin hana daskarewar jini.” A faɗa wa mai kemis, a faɗa wa likitan haƙori, a faɗa wa ungozoma.

A faɗa wa wanzami ma. Akwai masu ganin tunda “mataccen jini” ne ya taru a ƙafa, ƙaho zai zuƙe shi. Ƙaho daga fata yake jan jini, gudan kuwa yana can cikin tsoka inda aska ba ta kaiwa. Abin da za a samu kawai tsagar da ta ƙi tsayawa. Ƙaho da tsaga da sakiya duk a jingine su. Jiƙe-jiƙe da sassaƙe-sassaƙe kuwa, matsalarsu ba a san abin da ke ciki ba balle yawansa. Citta da tafarnuwa na girki ba sa hana komai, amma mayar da su magani a riƙa ɗirka sai an yi shawara.

Ɗan jini a asuwaki, ko tabo a hannu bayan an bugi ƙofa, ko yankan reza da ya ɗan daɗe bai tsaya ba, duk ana ganinsu. A danne da tsumma mai tsabta, a ambata wa likita. Waɗanda ba a kwana da su su ne haɓon da ya wuce minti goma ana matse hanci, jini a fitsari, bayan gida baƙi ƙirin mai danƙo, aman jini, ciwon kai mai tsanani da ya zo farat ɗaya, ruɗewa ko karkacewar baki. Wanda ya faɗo daga babur ya bugu a ka ya je asibiti ko da ya tashi ya kakkaɓe rigarsa yana dariya, don jini na iya tsiyaya a cikin kwanya a hankali. Warfarin yana da makari, bitamin K da ruwan jini, amma sai an san mutum na shansa, don haka 'yar takarda mai sunan maganin ta zauna a aljihu.

Mata suna da nasu babin. Jinin al'ada na iya ƙaruwa, musamman da rivaroxaban, kuma kunya kan sa a yi shiru har jini ya yi ƙasa, ko a daina maganin a ɓoye. A faɗa, akwai gyara. Warfarin yana iya naƙasa ɗan tayi, musamman tsakanin mako na 6 da na 12, saboda haka wadda ke shansa ta ga ɓatan wata ta garzaya asibiti a ranar. Mai ciki allurar hefarin ake yi mata har ta haihu, a ci gaba da magani aƙalla mako shida bayan haihuwa, wato kusan daidai da arba'in ɗinmu, lokacin da jinin mai jego ya fi saurin daskarewa. Haihuwarta a asibiti za ta kasance, kuma da ta ji naƙuda ba ta ƙara wata allura sai ta ga likita. Shayarwa ba ta hana warfarin ko hefarin. Mai jego kuma, wankan ganye da kunun kanwa ba sa maye gurbin tashi a taka ƙasa.

Azumi ma a yi shawararsa tun Sha'aban. Wanda gudan bai daɗe da kama shi ba, likita na iya cewa ya sha ya rama, addini ya ba mara lafiya wannan rangwame. Mai rivaroxaban sau ɗaya zai iya mayar da shi lokacin buɗa-baki, amma da abinci sosai, ba dabino da ruwa kaɗai ba. Mai sau biyu a rana sai an duba masa tazarar sahur da magariba. Mai warfarin ya ƙara gwaji, don cimar watan daban ce. Matafiya, har da maniyyata, su riƙe maganin a jakar hannu wanda zai kai su ya dawo da su, su sha ruwa, su riƙa motsa idon sawu, su miƙe su taka duk bayan awa ɗaya ko biyu in da hali.

Ita ƙafar fa? A da kwantar da mutum ake yi, yanzu an gane da zarar magani ya fara aiki tafiya ta fi kwanciya; tana rage kumburi da ciwo, kuma ba ta ƙara haɗarin ɓallewar gudan. A fara da tsakar gida, a kai masallacin unguwa, a riƙa ƙarawa. In an zauna a ɗora ƙafar a kan matashi. Sai dai gudan yakan bar ɓarna a ƙofofin jijiyar, shi ya sa tsakanin mutum ɗaya cikin biyar zuwa rabin masu ciwon ke fama daga baya da nauyin ƙafa, kumburin yamma, ƙaiƙayi da duhun fata wajen idon sawu, kaɗan daga ciki har ya kai ga gyambo. Safar matsi ta asibiti tana rage nauyin da kumburin, kodayake wani babban bincike da mujallar Lancet ta buga a 2014 bai ga tana hana wannan matsala zuwa ba. A auna ƙafa kafin a saya, a sa ta da safe kafin kumburi ya taso, a cire da dare. Mai ciwon suga ko toshewar jijiyoyin da ke kai jini ƙafa ya tambaya tukuna. Sa ta a zafin Afrilu jarrabawa ce, ba na musu. In an sake ɗaukar hoto aka ga ragowar gudan, ba yana nufin magani bai yi aiki ba. A wasu mutane tabon ba ya gogewa duka.

Ranar da wata uku suka cika ma ba mai ciwon ke yanke hukunci ba. Tambayar da likita zai yi ita ce, me ya jawo shi? In tiyata ce ko karaya, dalilin ya wuce, yawanci sai a tsaya, kuma dawowar ciwon ba ta da yawa. In kuwa haka kawai ya zo ba dalili, lissafin daban ne: wani nazari da mujallar BMJ ta buga a 2019 ya nuna kusan mutum 10 cikin 100 na sake samun gudan a shekarar farko bayan sun daina magani, 25 cikin 100 a shekara biyar, 36 cikin 100 a shekara goma, kuma maza sun fi mata. Irin waɗannan, da masu ciwon daji, da wanda ya yi sau biyu, akan ce su zarce, wani lokaci a rage musu awo bayan wata shida. Wanda aka sallama daga maganin kuwa, duk ranar da za a yi masa tiyata, ko a sa masa filasta, ko a kwantar da shi a asibiti, ko mace ta samu ciki ko ta je karɓar maganin tazara, sai ya faɗa tun kafin a tambaye shi cewa jini ya taɓa daskare masa a ƙafa, ko da shekara ashirin ke nan.